Da Tsohuwar Zuma Ake Magani? Magana Kan Tulun Tsimin Da Ke Ɗakinka

Maganar yau ba za ta yi wa wasu daɗi ba, musamman waɗanda abincinsu yake cikin jarka da tulu, amma gara a ji haushin mai faɗa da a yi zaman makoki.

Idan kana cin kasuwa a Kwanar Ɗangora, ko Tudun Wada, ko Bebeji, ko kana yada zango a Doguwa, ka san mutumin da nake nufi. Yana da lasifika a kan mota ko a kan baro, da jarkoki a jere cike da ruwa ja ko baƙi, kuma babbar hujjarsa guda ce: wannan tsimi ya daɗe. Wannan ya kwana arba'in, in ji shi. Wancan ya yi wata bakwai a binne. Na ƙuryar can ya shekara, shi ya sa kuɗinsa ya ninka. Idan ka nuna shakka sai ya rufe maka baki da karin magana, ya ce ai da tsohuwar zuma ake magani. Kai kuma sai ka zaro kuɗin masarar da ka sayar, ka kai wa mahaifinka mai ciwon suga ko matarka mai juna biyu, kana ganin ka yi abin kirki.

Wannan magana tana da 'yar'uwa mai sanye da kwat, wadda ke yawo a wayoyin samarinmu da ma'aikatanmu. Ana nuna musu bidiyon manyan rumbunan ƙarƙashin ƙasa na Turai, inda kwalaben giyar inabi ke kwance shekara da shekaru, a kuma raɗa musu cewa kofi ɗaya na tsohuwar jar giya yana wanke zuciya. Da mai lasifika da mai bidiyo abu ɗaya suke sayar maka, wato imanin cewa daɗewa tana ƙara wa abin sha albarka. Ni kuwa ina gaya maka ƙarya ne. Daɗewa tana canza ɗanɗano, tana canza launi da ƙamshi, amma ba ta taɓa mai da abin sha magani ba. Sau da yawa ma ita ce ke mai da magani guba.

Rumbunan da masu sha ke mafarki

Bari mu fara da masu kuɗin, tun da su ne suka kai wannan imani ƙololuwa. A ƙasar Moldoba, kusa da babban birninta, akwai wani wuri mai suna Mileștii Mici, tsohon ramin haƙar dutse ne da aka mayar ma'ajiyar giya. Hanyoyin da ke cikinsa sun kai kimanin kilomita 200, ana amfani da kusan 55 daga ciki, har da mota ake zagayawa. A shekarar 2005 ya shiga kundin bajinta na Guinness da kwalabe fiye da miliyan ɗaya da rabi. A watan Oktoba na 2018 kuma, a birnin New York, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da kwalba guda ta Romanée-Conti ta shekarar 1945 a kan dala 558,000. Kwalba guda! Ka lissafa yawan buhunan masarar Doguwa da za a tara kafin a kai wannan kuɗi.

To, me suka saya da wannan dukiya? Ɗanɗano, da alfahari, da ƙarancin abin a duniya, tun da kwalabe kusan 600 kaɗai aka yi a waccan shekarar. Babu wanda ya shiga gwanjon domin ya warkar da hawan jini. Masu sana'ar da kansu sun yarda cewa mafi yawan giyar da ake yi a duniya ba ta jure ajiya, cikin 'yan shekaru take lalacewa. Kaɗan ɗin da ke jurewa sai an cika mata sharuɗɗa masu tsanani: sanyi wanda ba ya motsi tsakanin digiri 12 zuwa 14, duhu, laima daidai gwargwado, kwalbar gilas da aka toshe, da sinadarin hana lalacewa da ake zubawa tun farko. Duk da wannan hidima, abin da shekaru ke sauyawa shi ne ɗacin ɓawon inabi da ƙamshinsa. Barasar da ke ciki tana nan yadda take, kuma hanta ba ta tambayarta shekarar haihuwa.

A garin Speyer na Jamus akwai wata kwalba da aka tono a 1867 daga kabarin wani Barume, wadda ake ƙiyasta ta haura shekara 1,600. Tana gidan tarihi, ba a taɓa buɗe ta ba. Da a ce tsufa ne ke yin magani, da likitocin Jamus sun daɗe da yin layi a ƙofarta.

Kuma ka sani, duk inda aka ce shekaru su ne farashi, maƙaryaci ya sami kasuwa. Wani mai suna Rudy Kurniawan ya yi shekaru a Amurka yana cakuɗa giya mai araha a gidansa, yana ɗurawa a tsofaffin kwalabe, yana manna musu takardun jabu, attajirai da ƙwararrun masu ɗanɗano suna saye da miliyoyin daloli. An kama shi a 2012, aka ɗaure shi shekara 10 a 2014. Idan mutanen da suka ƙare rayuwarsu a kan wannan harka ba su iya bambance tsohuwa da jabu da harshensu ba, kai da wace hujja za ka gaskata mai baro cewa jarkarsa ta shekara?

Ina labarin wanke zuciya ya samo asali?

A watan Nuwamba na 1991 wani shirin talabijin na Amurka mai suna 60 Minutes ya tattauna da wani masanin Faransa, Serge Renaud, a kan dalilin da ya sa Faransawa ke cin kitse amma ciwon zuciya bai yawaita a cikinsu kamar Amurkawa ba. Aka jingina abin ga jar giya. Ciniki ya tashi nan take, labarin kuma ya zaga duniya, har ya iso wayarka bayan shekara talatin da ɗoriya.

Abin da bai iso ba shi ne yadda labarin ya rushe. Binciken farko yana kwatanta masu shan kaɗan da waɗanda ba sa sha, sai a ga masu shan kaɗan sun fi lafiya. Daga baya aka gano cewa a cikin rukunin marasa sha an cusa mutanen da suka daina ne saboda ciwo ya riga ya kama su. Wato an auna mai lafiya da majinyaci, aka ce giya ce ta raba su. A 2023 wani nazari da ya tattara bincike 107 a kan mutane kusan miliyan 4.8 ya gyara wannan kuskure, kuma da aka gyara sai kariyar da ake taƙama da ita ta ɓace. Shi kuma sinadarin ɓawon inabi da aka yi ta kururutawa, ɗaya daga cikin masu bincikensa, Dipak Das na Jami'ar Connecticut, jami'arsa ta same shi da laifin ƙirƙira da sauya sakamako har sau 145 a 2012.

Ga matsayin da masana suke a kai yau. Tun 1988 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa giya a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa sankara, rukuni ɗaya da taba. A farkon 2022 Ƙungiyar Zuciya ta Duniya ta ce babu wani adadin giya mai amfani ga zuciya. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu ma'aunin sha da za a kira mara haɗari, kuma rahotonta ya nuna giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019. Dalilin a fili yake: hanta tana sarrafa barasa ta mai da ita wani sinadari, asitaldihaid, mai lalata ƙwayoyin halitta. Wannan aiki ɗaya ne, ko barasar ta fito daga kwalbar Faransa, ko daga tukunyar burkutu, ko daga tulun da ke ƙarƙashin gadonka. Ko kai Musulmi ne ko Kirista, hantarku iri ɗaya ce.

Rumbun giyar da ba ka san kana da shi ba

Na san abin da za ka ce: Allah Ya kiyaye, mu a gidanmu ba a shan giya. Madalla. Amma zo mu leƙa tulun tare.

Me ake zubawa a tsimi? Sassaƙe da saiwoyi, sa'an nan rake, ko mazarƙwaila, ko dabino, ko zuma, ko sukari, domin a kashe ɗaci. A tsimin mata da ake yi wa amare da masu jego zaƙin ma shi ne kan gaba. A zuba ruwa, a rufe, a ajiye a lungu. To, a jikin ɓawon rake da dabino, da cikin iskar ɗakin kanta, akwai ƙwayoyin yis, dangin wanda ake kwaɓa fanke da burodi da shi. Aikin yis guda ne: ya ci zaƙi, ya fitar da iska da barasa. Wannan shi ne dukkan sirrin giyar inabi, da burkutu, da bammi. Babu wani ƙari.

Bambancin kawai shi ne, Bature yana ajiye nasa a sanyin digiri 13, yana aunawa, yana rubuta ƙarfinta a jikin kwalba. Naka yana ɗakin kwano a watan Afrilu, inda zafi ke haura digiri 35, yanayin da yis ke aiki cikin gaggawa. Kwana biyu zuwa uku sun isa ka ga kumfa. Idan ka buɗe jarka ta yi tsaki, ko ta kumbura, ko warin ya daki hanci, ko ka sha ka ji ɗumi ya sauka ƙirji kuma jiki ya saki, mai sayarwa zai ce maganin ne ya nuna. Bahaushe ya riga ya ba shi amsa: ruwa ba ya tsami banza. Wannan sakin jiki da barcin da tsoho ke yabawa, a lokuta da yawa aikin barasa ne.

Abin mamaki, muna tafi idan Hisba ta farfasa kwalabe, kamar yadda ta yi wa kwalba 240,000 a Kano a Nuwamban 2013, muna kuma kai 'ya'yanmu da shaye-shaye ya kama cibiyar gyaran hali ta Kiru, alhali a cikin gida uwa tana ɗura wa 'yarta amarya abin da ya yi sati uku yana kumfa, da sunan gyara.

Addinin da mafi yawanmu ke bi bai bar wannan wuri a duhu ba. Ya tabbata a ingantaccen hadisi cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi ko dabino a ruwa, ya sha, amma ba ya barin jiƙon ya wuce yammacin rana ta uku. Ya tabbata kuma cewa wani sahabi ya nemi izinin haɗa giya domin magani, aka hana shi, aka sanar da shi cewa ita kanta cuta ce. Wanda ya karanta Risala a zaure ya san an hana haɗa nau'i biyu na 'ya'yan itace a jiƙo ɗaya, an kuma hana jiƙo a cikin gora, saboda saurin juyewa. Hukuncin tulunka ka kai wa malaminka; abin da ya shafi wannan fili shi ne iyakar kwana uku ta yi daidai da abin da ilimin ƙwayoyin halitta ya tabbatar. Mai cewa nasa ya kwana arba'in, da bakinsa ya ba da shaida a kan kansa.

Barasa ma ba ita ce mafi muni ba

Ruwa mai zaƙi da ya daɗe a zafi gona ce, kuma ba yis kaɗai ke shuka a cikinta ba. Idan ruwan rafi ko na rijiya mara murfi aka zuba, ko ana tsoma kofi ɗaya kullum da hannun da ba a wanke ba, ƙwayoyin gudawa sun sami ƙofa. Idan sassaƙen ya sha laima a buhu kafin a jiƙa, yana iya ɗauke da irin fumfunar da ke kama gyaɗa da masara, mai fitar da gubar aflatokzin. Tafasa ba ta kashe wannan guba, kuma tana cikin manyan masu jawo sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, yawancinsu ba su sani ba. A masallacin Juma'a mai mutum dubu, ka ƙirga tamanin.

Sai mazubi. A yankinmu na noma, daga gonakin da ke shan ruwan Tiga har zuwa gefen dajin Falgore, jarkar maganin feshi ba ta da wuyar samu, kuma an saba ɗauraye ta a mayar da ita ta ruwa ko ta tsimi. Roba tana riƙe ragowar abin da aka zuba mata, abu mai tsami da barasa kuma ya fi ruwa iya jawo shi. Kowace rana da jiƙon ya ƙara a ciki, ƙarin lokaci ne na tatsar guba.

Sai awo. Gwargwadon daɗewar saiwa a ruwa, gwargwadon yawan abin da ke fita daga cikinta, kuma barasa tana tatso sinadaran da ruwa zalla ba ya iya tatsowa. Kofin ranar farko da kofin rana ta talatin ba ƙarfinsu ɗaya ba, alhali mai sha kofi ɗaya yake cikawa safe da yamma. Idan akwai mai cutarwa a cikin haɗin, shi ma ƙaruwa yake. A farkon shekarun 1990, a birnin Brussels na Beljiyam, mata fiye da 100 sun sami lalacewar ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba na ganye, wanda aka gano ya ƙunshi wani tsiro mai gubar ƙoda. Da dama sun ƙare a wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma sankarar hanyar fitsari ta biyo baya. Dangin wannan tsiro suna nan a dazukanmu: duman dutse, wanda wasu ke kira maɗacin ƙasa, daga cikinsu yake. Ka taɓa tambayar mai jarka sunayen duk abin da ya zuba? Zai ce maka sirri ne na gado.

Kada ka ce wannan labarin nesa ne. A watan Maris na 2021, a nan Kano, mutane suka riƙa zuwa asibiti da amai da fitsarin jini bayan shan abin sha da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami. Ma'aikatar lafiya ta jihar ta tabbatar da mutuwar mutum 10, da kwantar da kimanin 400, wasu da dama kuma ƙodarsu ta taɓu. Waɗannan bayin Allah ba guba suka nema ba. Sun sha abin da ba su san abin da ke cikinsa ba ne, daga hannun wanda suka amince da shi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wa ke biyan kuɗin?

Mai ƙarfi yana iya sha ya kwana lafiya, shi ne ma ake kafa hujja da shi. Amma ba mai ƙarfi ake saya wa tsimi ba, majinyaci ake saya wa. Mai ciwon suga yana shan ruwan mazarƙwaila da sunan magani; idan kuma ya juye barasa, haɗuwarta da wasu ƙwayoyin suga tana iya faɗar da sugan jini har ya suma cikin dare. Mai hawan jini, barasa ƙara masa take yi. Mai gyambon ciki tana ƙona masa miki. Mai shan maganin tarin fuka na wata shida, hantarsa tana ɗauke da kaya tun farko, sai a ƙara mata. Mai shawara, wanda idonsa ya yi rawaya, hantarsa ce ke kuka, amma shi aka fi ɗura wa jiƙo. Mai juna biyu kuwa, duk abin da ta sha yana ratsa mahaifa, kuma babu adadin barasar da aka tabbatar ba ya cutar da ƙwaƙwalwar ɗan tayi.

Mafi ciwo shi ne lokacin da ake ɓatawa. Mai jarka zai ce sai an shanye uku kafin a ga aiki. Kafin jarka ta uku ta ƙare, ƙafa ta kumbura, fitsari ya ragu, sa'an nan a ɗauko mara lafiya daga Riruwai ko ƙauyukan Kiru a yi tafiyar sa'o'i zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Asibitin yana dashen ƙoda tun 2002, amma tambayi duk iyalin da suka shiga layin wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, su gaya maka gonaki nawa suka sayar. A ranar nan mai lasifika yana wata kasuwar.

Amsa ga masu cewa kakanninmu

Za a ce ina raina gado. Ban raina ba. Maganin zazzaɓin sauro mafi inganci a yau daga ganye aka samo shi, dangin tazargade, kuma Tu Youyou ta ƙasar Sin ta karɓi kyautar Nobel a kansa a 2015. Abin lura, tsohon littafin da ya haska mata hanya ya yi umarni ne a jiƙa ɗanyen ganyen a ruwa, a matse, a sha. Babu zancen binnewa. A Abuja ma cibiyar binciken magunguna ta ƙasa ta samar da Niprisan domin masu sikila, daga tsirrai da suka haɗa da karan dafi da kanumfari da masoro. Waɗannan sun zama magani ne domin an san sunan tsiron, an auna shi, an gwada shi, an rubuta ranar da zai daina aiki. Rigimata da wanda ya ƙi duk wannan ne, ya maye gurbinsa da ƙirgen kwanaki.

Za a ce ai daddawa da nono da kamu duk tsima su ake yi. Gaskiya ne, amma kowace uwa ta san kwanakin kowannensu, ta san warin da ke nuna an wuce iyaka, kuma ba ta taɓa cewa kamun da ya shekara ya fi na jiya. Kakanninmu da ake fakewa da su, yawanci jiƙonsu daga itacen da suka sassaƙo da hannunsu ne, domin mutumin da suka sani. Jarkar lita ashirin da ke yawo kasuwa-kasuwa a rana sabon abu ne, kasuwanci ne.

Ita kanta zumar fa? Zuma tana daɗewa ne saboda ruwan cikinta kaɗan ne, ƙasa da kashi 20 cikin 100, ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin hayayyafa. Da zarar ka sirka ta da ruwa ka ajiye, ka rushe wannan kariya, ta kama hanyar zama giya. Haka ma wadda aka ɗebo daga amya kafin ta nuna. Ko tsantsarta, idan ta daɗe a zafi, sinadaranta masu amfani raguwa suke yi, shi ya sa ma'aunin cinikin zuma na duniya yake ɗaukar alamun daɗewa da zafi a matsayin naƙasu. Zuma tana da amfani ga tari da wasu raunuka, amma ba a bai wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, sabuwa ko tsohuwa, saboda wata ƙwayar cuta mai shanye jiki da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Karin maganar nan, a fahimtata, yabon dattijo ne mai gogewa, cewa shawararsa ta fi ta yaro. Ba takardar likita ba ce.

Abin da za ka yi yau

Ka tashi ka duba lungun ɗakinka da na mahaifiyarka. Duk jiƙon da ke da zaƙi kuma ya wuce kwana biyu a zafi, duk wanda ke kumfa, ko tsaki, ko ya yi farin yaɗi a sama, ko yake cikin jarkar da ba ka san abin da ta fara ɗauka ba, ka zubar, kada ka ba almajiri ko maƙwabci. Asarar naira dubu biyu ta fi asarar ƙoda sauƙi.

Idan lalle za ka yi amfani da ganye, ka san sunansa, ka wanke, ka dafa da ruwa mai tsabta, ka yi na yini ɗaya. Kada ka ba mai ciki, ko mai shayarwa, ko ƙaramin yaro, ko mai ciwon hanta, ƙoda ko suga, sai da sanin ma'aikacin lafiya. Idan ka je asibiti ka faɗi gaskiyar abin da aka sha, ka tafi da ragowar. Ɓoyewa ba ta kare kowa sai mai sayarwa. Na kwalba kuma, ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, ka karanta ko an rubuta kason barasa, domin da yawa daga cikin masu ɗacin nan da ake kira maganin basir ko ƙarfin maza giya ce aka sa wa ganye.

Wannan doka ta hau kan maganin asibiti ma. Garin maganin yara da ake zuba wa ruwa, irin amoksisilin, kwana 7 zuwa 14 ne ƙarshensa, gwargwadon abin da aka rubuta a jiki. Maganin ɗigawa a ido, mako huɗu bayan buɗewa. Ledar tsofaffin ƙwayoyin da ke rataye a ƙusa tun bara, ba tanadi ba ce.

Ka je a gwada jininka domin ciwon hanta nau'in B, kai da iyalinka. Wanda ba shi da shi ya yi allurar rigakafi. Kuma idan ka ga idon wani ya yi rawaya, ko fitsarinsa ya ragu ko ya koma kamar shayi, ko fuska da ƙafa sun kumbura, ko yana aman jini, ko ya fara ruɗewa bayan shan jiƙo, kada a jira gari ya waye, kada a ƙara masa wani jiƙon. A nufi babban asibiti mafi kusa.

Ku kuma masu unguwanni, da limamai, da shugabannin kasuwa, da masu maganin gargajiya na gaskiya waɗanda wannan ɓarna ke zubar wa mutunci, lasifikar nan a gabanku take kira. Ku tambayi mai ita abin da ya zuba, da ranar da ya zuba, da abin da jarkar ta fara ɗauka. Wanda ya kasa amsa tambaya uku ɗin nan bai cancanci rumfa a kasuwarku ba.

Attajirin Turai da ya sayi tsohuwar kwalba ya san giya ya saya, ya san kuma nishaɗi yake nema, ko da zai cutu. Kai lafiya ka je nema, da kuɗin guminka, domin wanda kake ƙauna. Saboda haka ka fi shi haƙƙin sanin abin da ke cikin tulu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mu da iyalanmu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.